Kafaɗar Inna Zinariya

Duk unguwar Wunti an san Inna Zinariya mai ɗinki da ciwon kafaɗa. Maƙwabta sun kawo man zafi, wanzami ya yi ƙaho, asibiti ya ɗauki hoto. Kafaɗa dai ta sha gata. Sai dai lafiyarta ƙalau. Ciwon can ƙasa yake, daga ƙugu ya ratsa mazaunai ya gangara cinya, kamar an soka mata allurar keke an manta.

Ladabin surukinta ne ya jawo. Abdulsalam, mijin 'yarta Ni'ima, shi ke kai ta asibiti, shi ke riƙe mata jaka, kuma ba ya tsayawa a waje. Ranar farko da likita ya ce, "Mama, ina ke ciwo?" ta dubi Abdulsalam, ta dubi ƙasa. Ina ita ina ambaton wannan wuri a gaban suruki! Hannunta ya tashi da kansa ya dafa kafaɗa. Tun daga ranar ake yi wa kafaɗa magani, shekara da shekaru.

Yanzu ga Ni'ima ta kusa sauka, cikin fari, kuma gida ya kamata ta dawo wankan jego. Sai mahaifiyar Abdulsalam ta aiko daga Miri: wadda ba ta da lafiyar hannu ba za ta iya da tukunyar ruwan zafi ba, a kai mata yarinyar can. Zinariya ta ture kwanon tuwo gefe. Jikanta na fari, a wanke shi a gidan wasu?

"Inna, akwai wata mai gyaran ƙashin baya," in ji Abdulsalam daga bakin ƙofa, a durƙushe. "Karatun abin ta yi. An ce da hannu take aiki."

Sunanta Mmesoma, 'yar wani mai sayar da kayan babur, haihuwar Bauchi. Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai kowa "ka" ne a wurinta.

"Mama, ina yake damun ka?" in ji ta, ranar da suka je wurinta.

Abdulsalam na tsaye da jaka. Zinariya ta dafa kafaɗa.

Mmesoma ta ɗaga hannun, ta juya shi gaba da baya, ta lanƙwasa. Ta dubi yadda tsohuwar ta ɗosana a gefe guda na kujera, kamar mai jiran a kore ta. Sai ta juya.

"Oga, wannan Maman ka ne?"

"Surukata ce."

"Ehen! To ka taimaka ka sayo mini tawul sabo. Ba na nan kusa ba. Na cikin kasuwa, can ciki."

Yana fita ta rufe ƙofa, ta sa babban yatsa ta danna ƙasan ƙugun Zinariya.

"Wayyo Allah! Ke 'yar nan, kashe ni za ki yi?"

"Kafaɗa ya sauko ƙasa, ko?"

Zinariya ta ja mayafi ta rufe fuska. Dariya ta fara cin ta a ciki, ta danne, ta ƙi dannuwa. Suka yi ta yi su biyu har hawaye, ciwon na sukar ta, tana dafe da wurin a fili, karon farko a gaban wani.

Mmesoma ta kwantar da ita a gefe bisa wani siririn gado, ta naɗe mata ƙafa ɗaya, ta ce ta saki numfashi. Ƙas!

"Innalillahi! Ta karya ni!"

"Tashi ka gani."

Ta tashi a hankali, tana jiran allurar. Tana nan, amma ta ja da baya.

Ba rana ɗaya aka yi ba. An yi ta komawa, kuma kullum sai an aiki Abdulsalam: yau citta, gobe man kaɗanya, jibi wani tawul ɗin. Mmesoma ta sa aka ƙara wa kujerar ɗinki tsawo, ta hana ta taka keke da ƙafa ɗaya, ta koya mata gashi da miƙa, da kwanciya da matashi tsakanin gwiwoyi. Da yamma kuma tattaki har bakin titi. Abdulsalam kuwa sai yaɗa labari yake yi a masallaci cewa ilimi kogi ne, ashe jijiyar kafaɗa daga ƙugu take tasowa.

Wata hantsi Zinariya ta sunkuya ɗaukar almakashi. Sai da ta miƙe ta gane abin da ta yi. Ta sake jefar da shi, ta sake ɗauka. Ta cika bokiti ta kai ƙarshen tsakar gida ta dawo. Rediyon maƙwabta na kiɗan kalangu. Ta ɗaure zani tamau, ta gwada taku ɗaya. Ƙugu ya amsa. Ta juya shi hagu, ta juya dama, ta sauka ƙasa-ƙasa irin na zamanin 'yanmatancinta, tana yi wa kanta guɗa, kaji na watsewa.

Guɗar ce ta hana ta jin sallama.

Da ta juyo, ga Abdulsalam a bakin zaure, ga mahaifiyarsa da ta zo dubiya da ƙwaryar ƙwai, ga Ni'ima da tulun ciki ta toshe baki da hannu biyu. Abdulsalam ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

Zinariya ta kwasa da gudu. Ta tsallake bokiti, ta tsallake turmi, ta faɗa ɗaki ta banko ƙofa.

Baƙuwar ta ajiye ƙwarya don kada ƙwai su fashe, ta zauna a ƙasa tana dariya.

"Zinariya! Fito mu gaisa!"

"Ba na nan!"

"To ki ji daga nan. Mai tsallake turmi ba ta rasa ƙarfin tukunya. Na bar miki jegon. Itace zan aiko."

Can sai murya ta fito ta ƙasan ƙofa, tana rawa da dariya.

"Na gode. Amma ku ce wa yaron nan ya tafi tukuna."