Shekarar da Aka Ɗaure Jiragen Ruwa

A ƙarshen 1807 gwamnati ta hana jiragen ruwanmu fita fatauci ƙasashen waje, wai don Ingila da Faransa su ji a jikinsu. Mu mutanen Newburyport, garinmu na bakin teku, mu muka fara ji. Ciyawa ta tsiro a tashar jirage, maza suka koma zaman kashe wando a bakin teku suna zagin majalisa.

Mijina Jotham ma'aikacin jirgi ne. Tun da muka yi aure bai taɓa cika wata biyu a gida ba, yanzu kuwa ga shi kullum a gabana kamar baƙon da ya rasa hanya. Idan ya ce zai taya ni girki, sai ya zabga gishiri a faten masara.

"Maigida, teku ka kawo mana cikin tukunya?"

"Ci kawai, Keziah. Na jirgi ya fi wannan muni."

Da sanyi ya tsananta, abinci ya koma busasshen kifi da dankali. A lokacin ne ƙirjina ya kama, na kwanta. Yayansa Enoch ya zo ya ce akwai ƙaramin jirgin da zai saci hanya zuwa Halifax, garin da ke hannun Ingila, da fulawa, ana neman mutum ɗaya. Ina jin su daga ɗaki.

"Yaya, wa zan bar wa ita?"

"Da can wa kake bar wa?"

Jotham ya ce, "Da can ban san haka take tari ba."

Bai tafi ba. Ya koyi tatsar saniyar maƙwabta don a riƙa sam mana madara, yana dumama tubali a murhu yana sa mini a ƙafa. Ya ba ni labarin garuruwan da ya gani, ni kuma na ba shi labarin namu, wanda bai sani ba.

Ranar da aka janye dokar, gari ya ɗauki ƙararrawa da kiɗa. Na warke, ina shanya a tsakar gida, sai hawaye, don na san teku za ta sake ɗauke mini shi. Jotham ya karɓi zanen gadon daga hannuna.

"Na yi magana da mai tufka igiyar jirage a nan cikin gari," ya ce. "Litinin zan fara. Ki riƙa sa tukunya da ni."