Turken da Kaz Ya Ƙi Gusarwa

Hanyar hagu ta yi matsi, kuma Kazimir Wrobel, wanda ake kira Kaz, ya san da haka tun ranar da ya kafa turke a bakinta.

Shekara ashirin da biyu ya yi a wata masana'anta a Chicago yana zana filin injin wasan fimbol, wasan da ake buga ƙwallo cikin akwati mai murfin gilashi don tara maki. Irinsa ba ya kuskuren faɗin farce. A kan farin katako ake fara komai, ba fenti ba fitila, sai mabugi biyu da turaku da 'yar ƙwallon ƙarfe. A nan ake gane ko hanya tana karɓar ƙwallo ko tofo ta take yi. Tasa tofowa take yi, sai fa idan mutum ya yi jinkiri, ya bar ƙwallon ta gangaro har ƙarshen mabugin dama kamar za ta faɗa rami, sannan ya buga.

Mutum ɗaya Kaz ya sani mai irin wannan bugu, matarsa Halina. A gaban injin wata mashaya da ke titin Milwaukee ya fara ganinta, tana barin ƙwallo har sai 'yan kallo sun yi ihu. Ya ce mata wannan ganganci ne, ta ce masa ya saya mata kofi ya rufe baki. Bara waccan aka binne ta.

Odell Pruitt, mai gwada injina kuma abokinsa, ya buga sau hamsin, uku suka shiga. Ya goge hannu a wando.

"Tsoho, wannan hanya ce ko kafar allura? Gusar da turken nan kaɗan mu je mu ci abinci."

Kaz ya ce hannun Odell ne ya mutu. Odell ya ce hannun da ya mutu ɗin ne ke ciyar da 'ya'ya huɗu, kuma shi ma ya san Halina, ya san bugun wa ake jira.

Aka kai injin gwaji wani gidan cin abinci kamar yadda aka saba. Mai zane yakan je sau ɗaya ko biyu ya ga yadda mutane ke yi. Kaz kullum da rana yana can, mako uku, kofi na hucewa a gabansa. Direbobi da ma'aikatan gidan waya suna bugawa da wuri, ƙwallo ta daki turke ta zarce rami, su zagi injin su tafi. Duk wanda ya tsaya, Kaz hannunsa na dama yake kallo. Wata rana wata mata ta yi jinkiri, har ya miƙe tsaye. Ashe kiranta aka yi ta waiga.

Manaja Lindqvist ya kira shi ofis, ya ce aikin minti goma ne, a toshe ramin turken a huda wani. Har ya roƙe shi.

"Ranka ya daɗe, hanyar daidai take," in ji Kaz. "Mai ita ce ba ta nan."

Ranar Litinin aka ba wani mai zane aikin. Ya gusar da turken, hanyar ta buɗe wa kowa, injin ya karɓu a gari. Sunan wancan aka rubuta a gilashi. Kaz ya ɗora farin katakonsa a bayan mota ya bar masana'antar, yana da shekara hamsin da huɗu, kuma ba wanda ya sake ba shi fili ya zana.