Ɗingishin Kulu

Shekarar da soja suka koma bariki, wani matashi mai suna Ashiru ya yi sallama a gidan Malam Isyaku a Gyaɗi-Gyaɗi, ya ce kamfaninsu na son mayar da littafinsa wasan talabijin. Malam Isyaku ma'aikacin ɗakin magani ne a asibiti. Littafin kuwa juzu'i uku ne, labarin wata yarinya mai ɗingishi, Kulu, wadda ta ratsa ƙasashen aljanu a kan doki mai fukafukai don ta kwance kogin da wani azzalumin sarki ya ɗaure.

Ya amince, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ina za su samo doki mai tashi? Ashiru bai ɓoye masa ba: dokin zai taka ƙasa ne, juzu'i na biyu kuma rabinsa zai tafi. Wannan ya yi masa ciwo, ya daure. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne jin cewa an ba wata ɗalibar aikin jinya, Hasana, matsayin Kulu, kuma ƙafafunta lafiya lau. Ya tabbata za a miƙe wa Kulu ƙafa don ta yi kyau a hoto, ko a mai da ita abin dariya.

Kulu ƙanwarsa ce ta gaske. Shan inna ya taɓa ta tana ƙarama, ta rasu ba ta kai ashirin ba. Matarsa Uwani, wadda suka tashi gida ɗaya da marigayiyar, ita kaɗai ta san don wa aka yi littafin.

Ranar fara ɗauka, Uwani ta matsa masa sai da ya je wani fili a Tarauni. Fadar sarkin aljanu duk kwali ce da yadi, har ya kau da kai. Sai aka ce Hasana ta shigo. Ta dafa gwiwar hagu, ta jefa ƙafar gefe, ta ɗan tsaya tana kallon sama kamar ba gajiya ce ta tsayar da ita ba. Haka ƙanwarsa Kulu take yi, don kada a tausaya mata.

Malam Isyaku ya zauna a kan wani benci. Da aka tsaya hutawa ya tambayi yarinyar inda ta samo wannan tafiya.

Ta durƙusa ta ce, “Baba, Inna Uwani ce. Kullum kana wurin aiki nake zuwa tana nuna mini.”

Ya sa mata albarka, ya sa wa iyayenta. Ashiru ya matso ya tambaya ko akwai abin da za a gyara a sake ɗauka.

“A bar shi haka,” in ji shi. “Allah ya saka muku.”

Daga nan ya tsaya kasuwar Tarauni ya saya wa Uwani turmin atamfa. Ta karɓa tana dariya, ta ce gwiwarta ma har yanzu ciwo take saboda koya wa Hasana ɗingishin.