Jan Fenti a Jikin Gawo

Jiya da azahar, hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya bai zuba ba, na jingina da gindin gawo a bakin gandun dajinmu, barci ya sace ni, na yi wani mafarki.

Sunana Haladu, lebura ne ni a gandun. Aikina in bi bayan Oga Mamuda da gwangwanin jan fenti, itacen da ya nuna in shafa masa, masu zarto su zo su kayar. Shekaranjiya ya nuna gawo goma sha ɗaya, ya ce sun bushe. Kowa a nan ya san gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore. Amma Oga baƙo ne, ba ya son a gyara masa magana, ni kuma aikin nan ke ciyar da Inna. Na shafa. Jiya da safe aka kayar da goma. Saura wanda na jingina da shi, wanda marigayi Baba ke rataye gorarsa a jiki lokacin da yake gadin daji.

A mafarkin, ruwa daga ƙasa yake tsattsafowa ya hau sama. Mutane a shuke muke a jere har gwiwa, itatuwa na yawo a tsakaninmu. Ban ji zafi ba, sai ɗan ƙaiƙayi a tafin ƙafa.

Sai ga shamuwa da takalmi sau-ciki, littafi a hammata. Ta dube ni da ido ɗaya.

"Wannan ya mutu."

"Ranki ya daɗe, barci nake."

"Duk matattu haka suke cewa."

A bayanta gawon Baba ne riƙe da gwangwanina. Na gane shi da ƙusar da Baba ke rataye gora. Ya shafa mini fenti a goshi, a hankali, don kada ya shiga ido.

"Yi haƙuri, Haladu," in ji shi. "Ina da tsohuwa a gida."

Sai na gan ni a ofis, cikin kogon kuka. Burtu ne alƙali. Shamuwa ta rantse shekara ashirin tana zuwa ƙasar nan, ba ta taɓa ganina a farke ba.

Na ce, "Yaushe kike zuwa?"

"Lokacin barcinka."

"Hujja ta tsaya," in ji burtu.

Wata akuya ta miƙe daga benci. Ta ce ita ta san ni. Da rani, in ciyawa ta ƙare ƙasa ta yi fari, ni ke kakkaɓo musu 'ya'yan gawo da dogon sanda.

Burtu ya buɗe littafi, ya rufe. "Babu rani a takarda. Shekararmu a nan wata huɗu ce."

Akuyar ta cinye takardar. Aka ciro wata irinta daga durowa, da sunana a rubuce.

Sai ga ni kusa da Baba. Shi ma a shuke yake, ganye ya tsiro masa a kunne, kurciya ta yi sheƙa a hularsa.

"Baba, ka gaya musu ina da rai."

"Ni na mutu da gaske, ɗana, ba a karɓar maganata. Kai da ke da baki, me ka ce shekaranjiya?"

"Na ce to."

"To," in ji Baba, ya juya ya ci gaba da tsiro.

Zarto ya taho da ƙafarsa, yana gaida mutane a hanya. Na dubi gawo. Na san ya san gaskiya. Ya buɗe baki, na saurara, abin da ya fito ƙar, ƙar, ƙar.

Na farka. Tsalha mai zarto ne ke wasa haƙoran injinsa a kan kututture.

"Sarkin barci, matsa daga nan. In na idar da salla da gawon nan zan ƙarasa."

Ya ɗauki buta ya nufi rafi. Na zare wuƙata na kankare fentin da ke jikin gawon, na kwaɓa laka na shafe wurin.

Da ya dawo ya zagaya gawon sau biyu.

"Oga ya ce sha ɗaya."

"Ni dai ban ga ja ba."

Ya dubi ɗanyar lakar, ya dubi hannuna. Ya tofar da yawu.

"In ya tambaya, kai za ka amsa."

Ya saɓa injinsa ya tafi. Can ruwa ya sauko, daga sama, yadda aka saba. Na tsaya a gindin gawon. Ko ganye ɗaya bai da shi da zai tare mini, na jiƙe sharkaf.