Babban Yatsan Inna Sarai

…kuma hannun nata da ɗumi, Mu'azu. Abin da ya fi damuna ke nan. Da a ce rawa yake yi, ko ta janye shi, da na san abin da zan faɗa maka. To ba ta janye ba. Ta miƙo min shi tun kafin in tambaya — babban yatsa a tsaye, sauran a dunƙule. Inna Sarai ta saba da dangwale.

Kai kuma ka fita. Haka kake yi kullum. Ka ajiye takardun jinginar gidan a kan tabarma, ka ja ɗanta Yafet wai ku je ku duba katanga, ka bar ni daga ni sai ita sai tawada. Ina jiyo ka ta bayan zaure kana dariyar nan taka ta banki, wadda ba ta wuce haƙora. Jami'in ba da rance guda, amma har yau ba ka iya dariyar ƙarya ba. Ni aikina ɗaya ne: in karanta wa mai gida abin da ke rubuce, in juya shi da Hausa, in tabbatar ta gane, ta dangwala, in sa hannu a ƙasa, in buga hatimi. "Na karanta mata, ta fahimta." A ƙarƙashin wannan layin sunana ke zama. Ummusalma, mai shaida. Ta fahimta…

Na karanta fa. Wallahi na karanta, a hankali, kalma bayan kalma. Na ce, Inna, gidan nan za a jinginar wa banki, Yafet ya karɓi rance ya sayi mota. In an kasa biya, banki ya ɗauke gidan. Tana ta gyaɗa kai, tana murmushi, har na fara murna. Sai na ce, to Inna, faɗa min da bakinki, me za ki dangwala wa?

"Taki mana, ɗiyata. Ba na takin ba ne? Bara ma anka rubuta mu, ba mu samu ba."

Taki. Wane taki? Gonar tana Gangara, sun baro ta tun lokacin da ƙauyen ya ƙi zaunuwa, Yafet ya ce ko hanyar ba a bi yanzu. Amma ina laifinta? Duk rayuwarta in aka zo da takarda da tawada, abu ne za a ba ta. Takin zamani. Gidan sauro. Katin zaɓe. Ba a taɓa zuwa da tawada don a karɓi wani abu daga hannunta ba, ta yaya za ta san yau ta bambanta?

Na sake ta wata hanyar. Na ce, Inna, gidan wa muke ciki? Ta ce na Zaki ne, ya tahi kasuwar Maraɗi, yanzu shina dawowa. Zaki, mijinta… ga hotonsa can a bango kusa da kalandar coci, an ɗaura masa baƙin ƙyalle a kusurwa, ƙyallen ma har ya koɗe.

Da safe a mota ka faɗa min. Ba ka kalle ni ba, layin manyan motocin da ke jiran boda kake kallo, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi suna shan shayi. Ka ce tun da aka rufe iyakar nan, ko da aka buɗe kasuwa ba ta koma daidai ba, manaja ya tara ku ya ce wanda bai kammala ko rance ɗaya ba kafin ƙarshen wata ya kwashe kayan teburinsa. Ka ce, "Yaya, in wannan bai wuce ba, ina jin tafiyarmu ta ƙarshe ke nan." Sai ka yi dariya. Sai ka tsaya ka saya min dogon burodin Nijar, don ka san ina son sa. Ga shi nan cikin jakata yana leƙowa, ban iya ko gutsura ba. Wane irin mutum ne zai faɗa wa tsohuwa irina wannan magana sannan ya saya mata burodi?

Matarka Fati da tsohon ciki. 'Yarka Mutmainna da ke kira na Kaka, take zazzage min jaka tana neman hatimi ta buga a goshin 'yar tsanarta. Kuɗin makarantarta — a'a. A'a, Ummusalma, ba aikinki ba ne wannan lissafin.

Ranar da ka fara shigowa ofishinmu na kotu… kwat ta fi ƙarfinka, hannunta ya rufe maka yatsu, gumi har cikin kunne. Na ce wa abokiyar aikina, wannan aron kaya ya yi ko aron aiki? Ka ji ni sarai, ka yi kamar ba ka ji ba, ka ce, "Hajiya, an ce ke ce ba ki sa hannu sai kin karanta." Na ce haka ne, in sauri kake yi ga ƙofa. Ka ce ai shi ya sa ka zo. Na ɗauka daɗin baki ne irin na 'yan banki.

Sai ranar da muka je Farfaru. Wani dattijo zai jinginar da shagonsa, ƙannensa sun zagaye shi, kowa na cewa ya gane, ya gane. Ban ce maka komai ba, kai da kanka ka miƙe ka kwashe su waje, ka leƙo ka ce, "Ki tambaye shi ba na nan. In ina zaune kunyata zai ji, ya ce ya gane." Na daɗe a aikin nan kafin a san za ka sa kwat, amma ban taɓa ganin jami'in da ya fita daga ɗaki da ƙafarsa ba. Sauran a kan mutum suke tsayawa da biro, nan, nan, da nan, kamar masu ƙirgar awaki. Kai ka fita. Kai ka ƙirƙiro wannan fitar, Mu'azu, ba ni ba. Kai ka sa wuƙar a hannuna, yau kuma wuyanka ne a kusa.

Da alamarmu. In ka dawo ba fuskata kake kallo ba, ɗan akwatin tawadar kake kallo. In a buɗe yake, yatsa ya yi shuɗi, an gama, sai addu'a. In na rufe shi, ba ka tambaya a gaban mutane. Sai ka tattara takardu ka ce an samu ɗan kuskure daga ofis, za mu dawo — don kada mai gida ya ji kunya a gaban iyalinsa. Na sha rufewa. Kai kuma ka sha kumbura baki a mota har shingen farko, sannan ka ce, "Yaya, za ki ci tsire?" Amma duk waɗancan ranakun ba aikinka ne a kan tabarma ba.

Inna tana shafa min hannu yanzu. Wai na rame. Jinƙai take kira na — 'yarta ce, Yafet ya ce tana aure can kudu. "Jinƙai, ba su ba ki abinci?" Na ce suna ba ni, Inna. Me zan ce? Innata ma a ƙarshe da sunan yayata take kira na, kuma ina amsawa, don in na gyara mata sai ta tsorata, ta dube ni kamar baƙuwa ta shigo mata ɗaki. Sai in amsa kawai. In amsa, in shiga bayan gida in yi kukana, in wanke fuska in dawo.

Da ma Yafet mugu ne. Da na huta! Da na rufe tawadar nan da ƙarfi har maƙwabta su ji. To duba ƙafafunta, an shafe su da mai. Farce a yanke. Zanen a wanke, an goge. Da muka shigo na ga yadda ya goge mata baki da gefen rigarsa ba tare da ya san ana kallon sa ba. Shekara da shekaru yana tuƙa motar wasu, gero da wake zuwa Maraɗi, ya dawo da abin da aka ga dama aka ba shi. Tasa yake so. Wa zai ce bai cancanta ba? Wataƙila ya biya. Ina jin ma zai biya. In ya biya, wa zai taɓa sani? Takarda ta shiga kabad, gida na nan, Inna na kan tabarmarta, kai kana kan teburinka, Fati ta haihu lafiya…

Kuma da tana cikin hankalinta, ai da ta ba shi. Wace uwa ce za ta hana? Na tabbata da ta ce ɗauki, ɗana, Allah Ya sa albarka. Na tabbata. Amma layin bai ce "da za ta yarda" ba. Cewa ya yi ta fahimta. Yau, a gabana. In mota ta faɗi a hanya fa? In aka sake rufe bodar? Su zo da kwaɗo da takardar kotu, a fito da ita da tabarmarta bakin titi tana tambayar ina takin… kuma sunana a ƙasa.

Bayan rasuwar maigidana, da na fita takaba, na zauna a ɗaki na ƙi kowa. Kai ka zo ka yi ta danna hon a ƙofar gida kamar ɗan tasha, wai akwai takarda ta gaggawa a Jibiya, ba mai iya ta sai ni. Na fito ina zaginka. Takardar da ko wata mai zuwa aka sa mata hannu ba abin da zai faru! Na gane tun a hanya, ban faɗa ba, kai ma ba ka faɗa ba. Ka dai kunna rediyo, ka yi ta musu da mai labarai har na yi dariya ban shirya ba. Ban haifi ɗa namiji ba, Mu'azu. Ban taɓa gaya maka ba, amma in ana lissafin 'ya'ya a zuciyata da kai nake farawa. Ina son ka, yaron nan, shi ya sa hannuna ya yi nauyi.

Bari in gwada sau ɗaya kuma. An ce wani lokacin hankalin kan leƙo, kamar wutar lantarki, ya ɗan zauna. Ya Allah, ko na minti ɗaya ne. Ta ce ta gane, in ji da kunnena, in buga hatimin nan da zuciya ɗaya. Inna. Inna, dube ni. In aka ce ki tashi daga gidan nan fa?

"In tahi ina? Zaki ya dawo ya iske ba kowa?"

Shi ke nan. Ta koma ƙananan waƙoƙinta na coci, a ciki-ciki, yatsan yana nan tsaye cikin tafina.

Tsaya… da muka shigo, me ta ce maka? "Malamin gona, ka zo?" Ka durƙusa ka ce, "Na zo, Inna." Ba ka yi mamaki ba. Ko ƙiftawa ba ka yi ba. Kai ka zo auna gidan nan, kai ka ɗauki hotunansa, ka zauna a kan tabarmar nan ba sau ɗaya ba. Ka sani. Tun kafin ka saya min burodi ka sani.

Kuma ga mutumin can na bakin tasha, mai hatimi a aljihu, wanda ke buga wa abokan aikinka ko a kan bonet ɗin mota, ba karatu ba tambaya. Ka san shi. Ya fi gidana kusa da nan. Me ya hana ka? Ka wuce shi, ka zo ƙofata, ka faɗa min maganar manaja, sannan ka kawo ni nan ka fita kamar kullum. Me kake so da ni? In kau da kai saboda kai ne? Ko in rufe, don kai ba za ka iya kallon Yafet ka ce a'a ba, ba za ka iya kallon Fati ka ce da hannunka ka yi ba? Ko kai ma ba ka san wanne kake so ba, ka ce bari Yaya ta zaɓa…

Dariyar ta tsaya. Takalminka nake ji, mai ƙara a dunduniyar hagu, na ce ka kai a gyara ka ƙi.

"Ki yi maza, ɗiyata, hannuna ya gaji."

Nawa ma, Inna. Kawo shi nan, ajiye shi a cinyarki — haka. Ba taki yau. Sai wani zuwan.

Murfin tawadar ko ƙara bai yi ba da na rufe. Ƙaramin abu, gwangwani ne kawai, amma sai da na sa hannu biyu.

Ga inuwarka a bakin ƙofa. Ka tsaya. Ba ka yi sallama ba tukuna… Kada ka kalli fuskata, Mu'azu, don Allah. Kalli inda ka saba kallo.