Mota a Baya

Tun 'yata Tessa tana ƙaramar sakandare ta fara barin 'yan mata a baya a tsere, kafin a ce haka samarin makarantar ma sun haƙura da bin ta. Garinmu a yammacin Nebraska yake, shanu sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba, kuma duk yaron da ke da ƙafar gudu ƙwallo yake bugawa. Yarinya dai ta rasa abokin gudu. Uwarta Loretta ta ce ba za a bar mata 'ya tana bin hanyar burji ita kaɗai ba, ga karnukan gonaki, ga manyan motocin ɗaukar shanu da direbobinsu ke tuƙi kamar an biyo su. Shi ke nan aka ɗora mini. Na zaro tsohon kekena daga ɗakin ciyawa, na karkaɗe masa kashin tantabaru, na ɗaura gorar ruwa.

Aikina ba shi da yawa. Kowace Lahadi kafin majami'a tana yin dogon gudunta, ni kuma ina biye da ita a baya. In kare ya fito in daka masa tsawa. In ta miƙo hannu in sa mata gora. In na ji ƙugin inji daga bayanmu in ce, "Mota a baya!" sai ta raɓe gefen hanya ba tare da ta waiwayo ba. Hira ba ma yi. Ni ba gwanin magana ba ne, ita kuma numfashinta na da aiki. Amma na san bayan yarinyar nan fiye da yadda na san fuskarta: yadda kafaɗarta ta hagu ke ɗagawa in ta gaji, yadda gashinta da ta ɗaure ke kaɗawa in ƙafa ta yi daɗi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk mako wannan safiyar nake jira.

Da ta cinye gasar jiha sau biyu a jere, sai waya ta hana mu sakat. Kocin jami'ar nan ya kira, na waccan ya kira, duk muryarsu ɗaya, zaƙi kamar masu tallan inshora. Kowa ya ce zai biya mata karatu, kowa ya ce yarinya irin wannan shi ya san yadda zai riƙe ta. Wani har ya tambaye ni lafiyar shanuna, mutumin da na tabbata bai taɓa taka kashin saniya ba. Tessa ta yi ta tankaɗe da rairaya har suka rage biyu. Ɗaya tana nan jiharmu, in ka karya kumallo ka tashi, kafin abincin rana ka isa. Ɗayar kuwa can bakin teku ce a yamma, inda sai ka hau jirgi, ka sauka, ka sake hawa wani.

Ba sai na faɗi wadda nake so ba. Na riga na auna keken a bayan a-kori-kurata, ya shiga daidai.

Al'adar ita ce jami'a ta gayyaci yarinya da iyayenta su kwana biyu su ga wuri. Ta kusa muka fara zuwa. Koci Lindgren dattijo ne mai kirki, ya tare mu tun daga wurin ajiye motoci, ya ciyar da mu naman da ko a gidana ba na yankan irinsa. Ya zaunar da Tessa ya ce, "Kin ga, ba zan ɓoye miki ba, ranar da kika sa ƙafa a nan ke ce ta ɗaya. A kanki zan gina komai. Sauran su bi ki."

Na kalli Loretta, na ɗaga mata gira. Tessa ta ce, "Na gode, Koci," ta ci gaba da juya cokali a kofi.

Da safe 'yan matan ƙungiyar suka fita da ita gudu. Doka ta hana koci tsayawa ya kalli baƙuwa tana gudu, don kada ziyara ta koma jarrabawa, saboda haka 'yan matan ne kaɗai ke fita da ita. Ni doka ba ta san da zamana ba. Na sauke kekena na bi su. Ba a yi nisa ba na ga abin da na saba gani: Tessa na rage ƙafa, tana waiwaye, tana jira. Da suka dawo 'yan matan na haki suna yaba ta, ita ko gumin kirki ba ta yi ba. Kafin mu bar garin na faki idonta na shiga kantin jami'ar na sayi hularsu, ja mai harafi fari, na cusa ƙarƙashin kujerar mota.

Loretta ta gan ni. Ta ce, "Vern, wa ya aike ka?"

"Hula ce kawai. Rana na damuna."

"A ƙarƙashin kujera take damunka?"

"Ke dai ki sa ido."

"Na sa. Kai ne ba ka sa ba. Ka ga fuskar 'yarka kuwa?"

Na ce gajiya ce. Ta ce to, gajiya ce, da irin muryar da take ce wa likitan dabbobi to.

Bayan mako biyu muka tashi zuwa bakin teku. Garin bai yi mini ba tun daga filin jirgi. Ruwa ne ke zuba ba ƙarfi ba tsayawa, itatuwa sun rufe sama, mutum ba ya ganin abin da ke tafe sai ya iso kansa. Kocinsu mace ce, Koci Amaral, 'yar siririya mai ƙarancin dariya. Ba ta ba mu nama ba, wani abu ta ba mu mai ganye da yawa. Ta dubi Tessa ta ce, "Ina da 'yan mata bakwai da suka fi ki a yau. Shekarar farko wataƙila ko motar zuwa gasa ba za ki shiga ba. In kina son a riƙa kiran sunanki a lasifika, akwai wuraren da suka fi nan."

Na ji daɗi har cikin raina. Na ce a zuciyata, madalla, matar nan ta yi mini aikina.

Washegari Lahadi ce, ranar dogon gudunsu. Na yi ta yawo har na samu wani ɗalibi ya ara mini keke mai sirdi kamar bakin gatari. 'Yan matan sun taru a bakin wata hanyar daji, sun fi goma sha biyar, suna ta surutu. Wata doguwa mai suna Imani, wadda Tessa ta kwana a ɗakinta, ta dube ni ta dubi keken.

"Tessa, wannan mai gadinki ne?"

"Babana ne. Haka muke yi a gida."

"Kai! Ni nawa ko sunan tseren da nake yi bai riƙe ba. Ranka ya daɗe, in ka gaji ka yi magana mu goya ka."

Suka kwashe da dariya. Na ce mata na yi kiwon maruƙan da suka fi su gardama. Suka ƙara wata dariyar, suka tashi.

Ban taɓa jin irin wannan ƙarar ba. Ni ƙafa biyu na sani a kan tsakuwa, tas, tas, tas. Wannan kuwa kamar ruwan sama a kan kwano. Suna gudu suna hira, wannan na ba da labarin malamin da ya kayar da ita, waccan na tsokanar wata a kan saurayi, kuma gudun da suke yi cikin wasa shi ne wanda Tessa ke yi in ta ɗaure fuska. Na neme ta na rasa. Ta shige tsakiyarsu, sai can na hango gashinta yana kaɗawa tsakanin kawuna.

Can na ji inji a bayanmu. Na cika ƙirji na buɗe baki, amma kafin in ce uffan ta ƙarshen layi ta riga ni: "Mota a baya!" Ta gabanta ta karɓa, ta gaba ta miƙa, maganar ta bi layi har goshi, suka zube gefe ɗaya kamar an ja zare. Motar ta wuce. Na rufe bakina.

Bayan kamar awa ɗaya hanya ta fara hawa dutse, irin hawan da ba mu da shi a gida. Hirar ta ragu amma ba ta mutu ba. Nan na ga kafaɗar hagu ta ɗaga. Tessa ta zame daga tsakiya zuwa baya, daga baya kuma rata ta buɗe tsakaninta da su, taku biyar, taku goma. Tunda nake ban taɓa ganin bayan wata a gaban 'yata ba. Tausayinta ya kama ni, kuma a ƙarƙashin tausayin akwai murna, don na ce yau dai magana ta ƙare, gida za mu. Na taka feda na zo daidai da ita, na miƙa mata gora.

Ko kallon gorar ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, matsa."

Na kira ta da sunan da nake mata tun tana ƙarama: "Sha ruwa mana, Zomanya. Ba dole sai kin..."

"Matsa, kana tare mini su!"

Na ja baya. Imani ta waiwayo, ta rage ƙafa har Tessa ta iso ta, ta ce, "Ke 'yar ƙauye, kar ki kalli dutsen, kalli rigata. Maƙale a nan." Tessa ta maƙale. Ba su kamo sauran ba sai a saman dutsen, inda sauran suka tsaya jira suna tafa mata kamar ta ci wani abu. A hanyar dawowa ita ce ta ƙarshe a layi. Wata mota ta taho, sai na ji muryar 'yata, a shaƙe, da irin jan da nake yi wa kalmar: "Mota a baya!" Suka karɓa suka miƙa gaba.

Da aka gama ta zube a kan ciyawa jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa. Na tsaya a kanta da gorata. Ta buɗe ido, sai na ga dariya take yi.

"Baba, ka gani? Sun bar ni!"

"Na gani."

"Wallahi sun bar ni. Kuma hira suke yi! Ka ji su kuwa?"

"Na ji su. Surutu kamar kasuwar gwanjon shanu."

"Ashe haka ake ji," in ji ta, ta mai da ido sama, ruwa na sauka a fuskarta.

Shekara da shekaru ina bayan yarinyar nan, ina ganin na raka ta. Sai a ranar na gane cewa mai keke ba abokin gudu ba ne. A jirgi ta yi barci a kafaɗar uwarta. Loretta ta miƙo hannu ta bayan kujera ta dafa mini wuya, ba ta tayar da maganar hula ba, wanda a wurin Loretta ba ƙaramin alheri ba ne.

Ranar sa hannu a takardar jami'a aka shirya tebur a zauren wasannin makaranta, kamar yadda ake yi wa duk ɗan wasan da jami'a ta ɗauka: a jera hulunan makarantun da suka neme shi, ya ɗauki ɗaya ya sa a gaban jama'a. Rabin gari ya zo, Loretta ta toya burodinta mai cikin kabeji da nama. Na bakin tekun sun aiko da tasu hular, koriya. Ana cikin shiri Tessa ta zo ta same ni a bakin ƙofa.

"Baba, ara mini jar hular nan."

"Wace hula?"

"Ta ƙarƙashin kujera. Tun ranar na gan ta. Ai sai da biyu ake jerawa."

Na je na ɗauko, na karkaɗe mata ƙaiƙayi na ba ta. Ta riƙe ta da hannu biyu ta ce, "Ka san da don kai ne kawai..."

Na ce, "Wuce, mutane na jira. Abinci na hucewa."

Ta ɗauki koriyar ta sa. Aka yi tafi, ni ma na yi, da ƙarfi kuwa, har tafin hannuna ya yi zafi.

A ƙarshen bazara ta tafi. Tana kira ran Lahadi da yamma, ta yi ta zuba sunayen 'yan matan da ban sani ba, wadda ta yi ciwon ƙafa, wadda ta ƙona shinkafa. Har yanzu ba ta shiga motar zuwa gasa ba, kuma ban taɓa jin muryarta da daɗi haka ba. Ina kewarta ƙwarai, ba na kuma ɓoyewa.

Keken ban mai da shi ɗakin ciyawa ba. Loretta ta ce likita ma ya ce in riƙa motsa jiki, ta faɗa tana kallon wani wuri. Lahadin da ta wuce na fita kafin majami'a, na bi hanyarmu, jar hular a kaina tunda dai kuɗina na sa. Karen gidan maƙwabcinmu Pospisil ya fito, ya duba gabana, ya duba bayana, ya koma ya kwanta. Ban san ina tafiya a daidai saurin Tessa ba sai da na lura ƙafata ta ƙi ƙarawa. Wajen gadar rafi na ji ƙugin motar shanu tana tahowa.

"Mota a baya!" na ce, da dukkan muryata.

Na raɓe gefe, motar ta wuce, na tsaya riƙe da keken har hanya ta sake yin shiru.