Sunan Zibrim a Ƙarƙashin Kyamara

Akwatin Malam Aruna ba ya shekara biyu a gida ɗaya. Haka tsohon ya bar wasiyya: shekara guda a Salaga, guda a Yendi, guda a Bawku, wurin 'ya'yansa da suka watsu. Babu zinariya a ciki, takardu ne zalla, wasiƙun fataucin goro rubuce da ajami sun fi ɗari uku. A tsakiyarsu akwai wata 'yar takarda inda ya riƙa rubuta sunan duk ɗan da aka haifa masa. Suna na huɗu shi ne Zibrim, mahaifin Mudassira.

Wannan layi ɗaya shi ya hana Mudassira sukuni. Tun da aka binne Zibrim, ƙaninsa Inusah na Yendi ya ɓullo da wata magana, wai Zibrim ɗan riƙo ne, a hanyar Kpandai aka tsinto shi, ba jinin gidan ba ne. Don Allah ji rashin kunya! Mutum yana raye ka kasa buɗe baki, sai da ƙasa ta rufe masa ido. Kuma kowa ya san zuwan akwatin Yendi na ƙarshe da giɓi ya dawo, wasiƙu uku sun yi ƙafa. Abin da ya ceci takardar shi ne Inusah boko ya yi, bai iya ajami ba. Ya san akwai ta, bai san wacce ba ce.

Bana dattawan gidajen uku suka yarda a ɗauki hoton takardun, amma da sharuɗɗa. Ba za a kusanto da wayar hannu ba, kada tarihin gida ya koma abin yawo. Kwamfuta guda za a ajiye a zauren Salaga, ba intanet, kuma ba za a buɗe akwatin ba sai a gaban mai zuwa karɓa. Mudassira, wadda ke gyaran kwamfuta a bayan tasha, ita ta karɓi aikin. Shirinta mai sauƙi ne: ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya, fuska a sake, har ta wuce ta sunayen ba tare da kowa ya lura ba.

Ta samo tsohuwar kwamfuta ta ɗora mata manhajar Linux, ta sayo kyamara mai dogon wuya wadda ke leƙon tebur daga sama. Ranar Litinin ta jona, hoto ya fito tas. Amma kwamfutar tana jan ƙafa, ita kuwa Mudassira ba ta da haƙurin abu mai nawa. Sai ta ce bari ta rage wa kanel kaya.

Kanel shi ne cikin cikin manhajar, shi ke hulɗa da duk abin da aka jona wa kwamfuta, kuma kowane abu yana da direbansa, ɗan umarnin da ke gabatar da shi. Akwai wata gajeriyar hanya da masu aikin suka sani: ka sa kwamfutar ta duba abin da ke jone a lokacin, ta riƙe direbobinsa, ta watsar da sauran. Haka ta yi ranar Talata. Kwamfuta ta riƙa tashi kafin ka gyara zama. Don murna har ta goge tsohon kanel ɗin, wai yana cin wuri.

Ranar Juma'a Inusah ya iso da motar shata. Bayan an sauko daga masallaci, Goggo Sadiqa, yayar su Zibrim kuma mai riƙon gidan Salaga, ta ciro makulli daga bakin zanenta ta buɗe akwatin. Ta miƙo kyamarar ma, a naɗe cikin ɗankwali.

“Sannu da hanya, Baffa,” in ji Mudassira.

“Ki riƙe baffanki,” Inusah ya ce, ko kallonta bai yi ba. “Ana sallame La'asar zan kama hanya. Ba zan bari ruwa ya tare ni ba saboda wasan yara.”

Mudassira ta haɗiye maganar. Ta warware kyamarar ta jona wayar USB ɗin. Shiru. Ta cire ta canza rami, shiru. Ta duba jerin abubuwan da ke jone, ga sunan kyamarar ɓaro-ɓaro, kwamfutar ta san an shigo amma ba ta san me za ta yi da baƙon ba. Babu direba.

Idonta ya sauka kan ɗankwalin. Innalillahi!

“Goggo, yaushe kika cire kyamarar nan?”

“Talata da safe mana,” tsohuwar ta ce. “Ba ki ga hadari ba? A gidan nan ba a barin waya a jone in sama ta yi baƙi. Tsawa ta taɓa cinye mana rediyo da firji rana ɗaya. Sai in zuba ido ta ci wannan ma?”

Gaskiya ne, kuma Mudassira ta sani, a gidan ta girma. Ranar Talatar ma ai ita da kanta ta mayar da wayoyin da Goggo ta zare, na kwamfutar, na allon kallo, na madannai. Ta ga babu kyamara a tebur, ba ta kawo komai a ranta ba. Kwamfutar ta duba, ba ta ga kyamara ba, ta zubar da direbanta kamar yadda aka umarce ta. Ba laifin Goggo ba ne, ba na na'ura ba ne, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

“Lafiya dai, injiniya?” Inusah ya tambaya yana ɓare goro.

“Gyara kaɗan ne.”

Ba kaɗan ba ne. Ta buɗe jadawalin saitin kanel, ta gangara sashen na'urorin hoto, ta kunna shi, ta kunna na kyamarorin USB a ƙarƙashinsa, ta sa a sake ginin kanel ɗin. Rubutu ya fara gangarowa layi-layi. A kan wannan tsohuwar kwamfutar, aikin awa ɗaya da rabi ne in an yi sa'a. Agogon bango ya nuna biyu da rabi ta gota.

Inusah kuwa ya samu abin yi. Ya miƙe ƙafa ya riƙa magana da Goggo da ƙarfi, yadda ba wanda zai ce bai ji ba.

“Yaya, kin ga abin da nake faɗa? Mu gidan nan ba ma fara abin da ba mu iya ba. Malam ya kai goro har ƙasar Hausa a kan jakai, bai taɓa cewa a jira shi ya yi gyara ba. Amma hali ai gado ne, kowa da inda ya kwaso nasa.”

“Inusah, ka ji tsoron Allah,” Goggo ta ce, amma a sanyaye, irin na wadda ta gaji da rigima.

Mudassira ta ji kamar ta rotsa masa madannai a ka. Ta tsane shi, tsana mai ɗaci. Ta tuna mahaifinta zaune a wannan zauren yana koya mata ajami, yatsansa a kan layi na huɗu, yana dariya yana cewa ga ranar da ya zo duniya.

Ladan ya kira La'asar rubutu bai tsaya ba. Inusah ya fita masallacin ƙofar gida. Mudassira ta lissafa a zuci: ko da ginin ya ƙare yanzu, babu lokacin takarda ɗari uku. Ɗaya kawai take bukata. Ta sa hannu a akwatin, ta wuce wasiƙu, ta zaro takardar, ta shimfiɗa ta a ƙarƙashin kyamarar don da zarar ta kunnu ta ɗauka.

Ba ta ji dawowarsa ba. Inuwarsa ta gani a kan tebur.

Ya dubi akwatin cike da takardu, ya dubi guda ɗaya tilo da aka ware. Sai ya yi murmushi a hankali.

“Ashe wannan ce.”

“Baffa, don girman Allah, minti goma.”

“Na ce ki riƙe baffanki. Lokacin Salaga ya ƙare.”

Ya ɗauke ta da yatsu biyu. Bai mayar cikin akwatin ba, ya ninke ta ya zura a aljihun gaban rigarsa, wai kada ta yamutse a hanya. Mudassira ta juya ga Goggo. Tsohuwar ta kawar da kai tana jan carbi. Direban mota ya shigo ya ɗauki akwatin, aka ji an rufe but ɗin motar, aka ji ta tashi.

Ba a yi minti goma ba rubutun ya tsaya. Ta sake kunna kwamfutar don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba. 'Yar fitilar kyamarar ta kawo kore, hoto ya fito tas, ya fi na ranar Litinin kyau. Ga katakon tebur, har zanen jikinsa ana gani, ga ɓawon goron da Inusah ya bari.

Ta sa yatsa a kan katakon, daidai inda layi na huɗu yake ɗazu, ta danna ɗauka.